Jan Babur a Gili Sarang

"Kak Wira, kada ka taɓa makullin nan!"

Da iya ƙarfina na faɗa, amma ina, hayaniyar tasha ta shanye muryata. Jirgin safe ya sauke baƙi, masu cidomo sun jera kekunan dokinsu ƙarƙashin itatuwan kwakwa suna kiran fasinja, shi kuwa saurayina yana tsaye kusa da wani ƙaton akwatin katako da aka ɓalle wa gefe, yana murmushi har kunne. Jan babur ne a cikin akwatin, sabo dal, ko ledar kujerarsa ba a cire ba. A jikin katakon an rubuta da baƙin fenti, ɓaro-ɓaro: AMAK RUMISAH, GILI SARANG.

Sunan mahaifina ke nan. A wajenmu da zarar an haifa wa mutum ɗan fari, sunansa na yanka ya tafi hutu, sai dai a ce baban wance. Ni ce Rumisah.

Na saki keken da nake miƙa wa wata Baturiya na ruga a guje. Ban kai ba. Wira ya turo baburin ya sauko da shi kan ƙasa, ya murɗa makulli, ya danna, ya kuma ja wuta har sau biyu don kowa ya ji lafiyar injin.

Shekarata ashirin da huɗu a duniya, ban taɓa jin wannan ƙara da kunnena a kan ƙasar tsibirinmu ba.

Dawakinmu sun saba da injin jirgi can cikin ruwa, amma ba su san abin da ke ruri a gindin ƙafarsu ba. Jambu, goɗiyar Amak, ta miƙe tsaye da ƙafafun baya, ta fizgi keken da ke cike da jarkokin ruwa. Ƙafar keken ta bugi gindin kwakwa ta ɓalle, jarkoki suka watse, Amak ya faɗo a kan gwiwarsa ta hagu, wadda dama ita ce mai ciwon.

Tasha ta yi tsit, in ban da baburin da ke ta gurnani.

"Kashe shi," na ce.

Ya kashe. Ya fara bayani bakinsa na harɗewa, wai kyauta ce, wai ya daɗe yana ganin yadda Amak ke dafa gwiwa kafin ya hau keke, wai ya so ya ba kowa mamaki ne. Da ya tsaya nan da wataƙila na huce da wuri. Sai ya ƙara da wadda ta ƙona min rai.

"Rumi, mutum kamar Amak bai kamata ya ƙare rayuwarsa a bayan doki ba..."

A gaban masu cidomo goma sha huɗu ya faɗi wannan magana. Amak kuwa shi ne shugabansu, kuma yana cikin dattawa biyar masu tsaron awik-awik, dokar gari da ta hana a tayar da inji a kan ƙasarmu.

Ko kallon Wira ban sake yi ba. Na durƙusa na sa kafaɗata ƙarƙashin hammatar mahaifina, muka tafi gida yana jan ƙafa.

Abin haushin shi ne, a kan keke muka haɗu da shi.

Ina da rumfar hayar kekuna da gyara a bakin tasha, kekuna talatin da biyu, kowanne na san larurarsa. Shekara biyu da suka wuce wani ɗan gayu daga birnin Mataram ya zo hutu, da farin takalmi da agogo mai walƙiya, ya ce in ba shi keken da ya fi kowanne gudu. Na ba shi, na kuma gaya masa abin da nake gaya wa kowa, cewa in ya kai arewacin tsibiri yashi yana da zurfi, ya sauka ya tura. Ya yi dariya ya ce shi a kan babur aka yaye shi, gidansu ma babura da motoci suke sayarwa.

Da la'asar na je karɓo wani keke da sarƙarsa ta tsinke, na tarar da shi kwance a yashi, keke a kansa, yashi har cikin kunne. Wallahi sai da na zauna don dariya. Shi ma da ya gama tofar da yashi ya taya ni. Na rage masa iskar taya, na nuna masa gefen ruwa inda yashi ya jiƙe ya yi tauri, muka dawo a ƙasa muna tura kekunanmu. Tafiyar rabin awa ta cinye mana awa biyu.

Daga ranar, duk Asabar sai ya hau jirgin safe daga tashar Bangsal da ke tsallake. Ya koyi liƙe taya, ya koyi cin gasasshen kifi da yajin Inak Sahnim, mai gasa kifi a tasha, ba tare da hawaye ba. Yana ce min "tauraruwata mai baƙin mai a farce", ni kuma in ce masa ɗan birni mai cin yashi, amma in muna shiri Kak nake ce masa, wato yaya, kiran so da girmamawa a wajenmu. Ina sonsa, ba zan ɓoye ba. Irin son da in jirgin Asabar ya makara, sai in ɗaure ƙusa ɗaya sau uku ban sani ba.

Ibu, mahaifiyarsa, ba ta taɓa tako tsibirinmu ba. Su jinin sarauta ne, shi ya sa ake sa masa Lalu a gaban suna, cikakken sunansa Lalu Wirahadi. Ni kuwa 'yar mai doki ce. Ita tun yana ƙarami ta zaɓa masa 'yar ƙanenta, Baik Mustika, don matan gidansu kuma Baik ake sa musu. Mustikar nan na san ta sarai, don ta yi aikin wata shida a wani otal na tsibirinmu, kuma shuɗin kekena mai kwando take hawa kullum. Da ƙyar da siɗin goshi Wira ya shawo kan Ibu aka tsayar da maganar aurenmu bayan sallar layya. Saura wata biyu ke nan baburin ya sauka.

Da yammar ranar dattawa suka zauna a rumfar gaban masallaci. Amak ya sa aka ɗauko shi a kan kujera, ya ƙi zama a wurinsa na kullum, ya zauna a ƙasa inda mai laifi yake zama.

Dokar ba ta da kwana-kwana. Wanda ya tayar da inji a ƙasarmu, shi zai tura shi da hannunsa ya zagaye tsibiri kaf, ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ba mai taɓa masa, har ya dawo da shi tasha a mayar da shi inda ya fito. In kuma baƙo ne ya gudu, wanda aka kawo abin da sunansa shi zai yi zagayen. Shekara uku da suka wuce wani mai otal ya shigo da babur a ɓoye cikin buhunan siminti, Amak ne ya tsaya ƙyam sai da mutumin ya zagaya, yana gumi yana zage-zage.

Wira kuwa ya bi jirgin azahar. Ni na kore shi, gaskiya ce. Ya biyo mu har ƙofar gida yana roƙo, na ce in yana da sauran kunya ya ɓace min da gani, ga kuma wayar Ibu tana ta shigowa. To amma korar da na yi masa ba ta hana ni jin haushin tafiyar tasa ba.

Dattawa suka so su yi wa Amak sassauci, suka ce ai kowa ya ga bai san da maganar ba, ga gwiwa a kumbure. Amak ya girgiza kai. Ya ce in aka ɗaga wa shugaba ƙafa bana, baɗi babur ɗari ne zai sauka, kowanne da sunan wani tsoho mai ciwon gwiwa a jiki. Ya ce a rubuta Juma'a.

Ran Laraba Ibu ta kira ni. Muryarta a sanyaye, kamar mai tambayar kuɗin kifi. Ta jajanta faɗuwar Amak, sannan ta ce a faɗi ko nawa ne tarar, za ta aiko har da kuɗin ƙafar keke.

Na ce mata dokarmu ba ta karɓar kuɗi.

Ta ɗan yi dariya ta ce, "'Yata, ki fahimce ni. Ɗana Lalu ne. Ba zai tura babur a rana masu doki suna kallonsa ba. Ku da kuka saba da wahala..."

"Ibu, ba wahala ba ce," na ce. "Tun zamanin kakana aka zo za a shimfiɗa mana kwalta, su suka ce ba sa so. Mu muka zaɓa."

Na kashe wayar. Mu ne za a ji wa tausayi? A garinmu yaro yana rarrafe ya tsallaka hanya uwarsa na wanki ba ta ɗago kai ba. Tsofaffi suna shanya kifi a bakin hanya. Mutane suna biyan kuɗin jirgin sama daga ƙarshen duniya don su zo su yi mako guda suna tafiya a ƙasa kamar mu, ranar komawa har kuka wasu ke yi. Amma shekara biyu mutumin da nake so yana zuwa yana komawa, ashe kallon marasa galihu yake mana. Wannan ce ta tsaya min a wuya, ba baburin ba.

Saƙonninsa suka yi ta shigowa. A ɗaya ya ce Mustika ce ta gaya masa an sassauta dokar saboda tsofaffi, ita ma ta taya shi zaɓar launi. Na ce a raina lallai yarinyar nan ta iya allonta. Ban ba shi amsa ba. Ko ranar zagayen ban gaya masa ba, ai ya san hanyar da zai ji in yana son ji. Ni Rumisah ba zan roƙi namiji ya zo ya ɗauki kayan da ya zubar ba.

Ran Alhamis da hantsi ina shafa wa Amak man kwakwa da citta a gwiwa, na ce ya bari ni in tura. Ya ce ba ni aka aiko wa ba. Ya juya yana kallon Jambu tana cin ciyawa a tsakar gida.

"Rumi, yaron nan ba mugu ba ne," ya ce. "Amma in na tura baburin nan da hannuna gobe, ba zan iya zama da shi a tabarma ɗaya in ci abinci ba. Ba ƙiyayya ba ce. Ba zan iya ba ne kawai."

Na gane abin da yake nufi. In Wira bai zo ba, babu aure.

Na ce, "Ko kai ka iya, Amak, ni ba zan iya ba."

Na faɗa da ƙarfin hali, sannan na zagaya bayan gida na yi kukana inda ba mai gani.

Ranar Juma'a duk masu cidomo suka kwance dawakinsu, ba wanda ya fita aiki. Ana saukowa daga masallaci gari ya taru a tasha, har da baƙi da huluna da kyamarori, ba su san me ake ciki ba. Rana kuwa ta buɗe sosai. Aka fito da baburin, Amak ya ba ni sandarsa, ya gyara ɗaurin zaninsa, ya kama kan babur da hannu biyu.

Ya tura. Taku ɗaya, biyu, uku... Ina ganin yadda yake cije leɓe duk sanda nauyi ya koma kan ƙafar hagu. Na ƙirga taku goma sha tara.

Sai ga jirgin rana ya kawo hanci.

Ban so in duba ba, idona ne ya ci amanata. Mutum na farko da ya diro tun jirgin bai gama tsayawa ba, ya faɗa cikin ruwa har gwiwa, Wira ne. Babu agogo, babu farin takalmi, tsohon zani ne a ƙugunsa da silifas. A bayansa wata dattijuwa cikin leshi ruwan zinariya da takalmi mai tsini tana ƙwala masa kira, Mustika na riƙe mata da lema.

Ya ratsa mutane ya zo gaban Amak, ya sunkuya ya kama hannunsa ya kai goshi.

"Amak, ni na tayar da shi. A ba ni kayana."

Amak ya dube shi ya daɗe. Sannan ya saki kan baburin, ya miƙo min hannu in ba shi sandarsa.

Dattijuwar nan, wato Ibu, ta iso tana haki. Ta kama gefen rigar ɗanta tana magana ƙasa-ƙasa, wai ya tuna sunan gidansu, wai ga mutane da waya a hannu, gobe duk Mataram za ta gani. Ya ce mata ya tuna, shi ya sa ma ya zo. Ta juya ta ce to a kira mata mota ta bi shi. Wani ya ƙyalƙyale da dariya, aka zungure shi. Ta ce to keken dokin ma. Aka ce mata yau dawaki na hutu.

Ana cikin haka Inak Sahnim mai gasa kifi ta taso daga rumfarta tana goge hannu, fuskarta fal murna. Ita Allah bai yi ta da iya rage murya ba.

"Lale lale, Baik Mustika ce? Kin dawo kallon zagaye ke nan? Ai na ce ba za ki bari ya wuce ki ba, ke da kika hau kan teburina kina ɗaukar hoto ranar da mai otal ɗinku ya tura nasa. Har kina cewa dokar nan ko sarki ba ta bari!"

Mustika ta yi wuƙi-wuƙi. Ibu ta juya a hankali ta dube ta tun daga sama har ƙasa, sannan ta karɓe lemarta. Mustika ta koma cikin jirgi ta zauna, ban sake ganin ta ba sai a hoto.

Wira ya fara turawa, gari ya bi shi a baya. Aka ce wa Amak ya koma gida ya huta, ya ce sunansa na jikin akwatin, sai ya ga ƙarshen abin. Ibu ma ta biyo, tana tafe tana nutsewa.

Ni ina gefe, na ɗaure fuska tamau. Na yi wa kaina alkawarin ko ya faɗi ya suma ba zan ce masa ci kanka ba.

Gabashin tsibiri da sauƙi, hanyar a daddaɓe take. Ya wuce makaranta, ya wuce gidajen baƙi, ya tsaya har sau biyu saboda yara sun zana gidan wasa a tsakiyar hanya kuma ba su ga dalilin tashi ba, dole ya kewaye su. Wata tsohuwa ta ce masa ya yi a hankali kada ya taka mata kifi. Rigarsa ta jiƙe sharkaf, amma bai ɗago kai ya nemi tausayin kowa ba.

A wajen tsohuwar rijiya dunduniyar takalmin Ibu ta karye. Ta cire duka biyun ta riƙe a hannu, ta taka yashi, ta ɗage ƙafa da sauri. Yashin azahar a garinmu ba ya wasa da tafin ƙafar da ta saba da mota. Ta yi taku kaɗan tana ɗingishi, idonta ya kawo ruwa, amma girman kai ya hana ta magana.

Amak ya tsaya. Ya zare silifas ɗinsa, tsofaffi, ɗaya ma da waya aka ɗaure igiyarsa, ya tura su gabanta da sanda.

"Sa, Ibu. Tawa ƙafar ta san garin."

Ta dubi silifas ɗin, ta dubi kumburarriyar gwiwarsa. Ta sa. Daga nan na lura lemarta ta ɗan karkata, inuwar tana faɗawa a kan Amak.

Sai muka iso yashin arewa.

Keke ma a nan sai an sauka, balle babur. Tayar gaba ta nutse, ta baya ta bi ta. Wira ya tura, ya ja, ya sa kafaɗa, abin ko motsi. Ya ɗaga gaban ya matsar da shi taku ɗaya, ya sake nutsewa. Tafin hannunsa ya saɓule, ina hango jan a jikin robar kan baburin. Ya faɗi a kan gwiwa, ya tashi, ya sake faɗuwa. Mai otal ma a nan ya yi awa uku, shi da yake da ƙiba da ƙarfi.

Ba mai dariya yanzu. Masu cidomo da suka zo don su ga ɗan sarauta ya ji kunya sun yi jugum. Ibu ta toshe baki da gefen mayafi.

Ni kuwa haushi ne ya turnuƙe ni. Shekara biyu! Shekara biyu yana zama a rumfata yana miƙo min sifana, a nan wurin kuma na tsince shi da yashi a kunne, amma ya manta abu na farko da na koya masa. Bakina ya riga alkawarina.

"Kai ɗan birni, ka rage iskar taya mana."

Ya ɗago kai da sauri, yashi manne a goshinsa.

"Duka biyun. Samu tsinke ka danna bakin bawul. Sannan ka gangara gefen ruwa inda yashi ya jiƙe."

Ɗaya daga cikin dattawa ya yi gyaran murya ya dubi Amak, wai ko wannan bai zama taimako ba. Amak ya ce shi dai a saninsa hannu aka hana, kuma yarinyar nan tun tana goye ba wanda ya taɓa iya rufe mata baki. Aka yi dariya, har da dattijon.

Wira ya tsinci tsinken kwakwa ya durƙusa. Iska ta fita da huci, tayoyin suka baje. Ya tura, baburin ya taso daga ramin kamar dama jira yake. Masu cidomo suka sa ihu. Ya gangara bakin ruwa, ni kuma ban san lokacin da ƙafata ta kai ni kusa da shi ba. Muka jera, hannuwana a bayana don kada wani ya ce na taɓa.

Da muka yi nisa sai ya juyo ya dube ni.

"Rumi," ya ce yana haki, "na ɗauka rashi ne ya sa kuke tafiya a ƙasa. Shekara biyu ban taɓa tambaya ba. Ki yafe min."

"Yanzu fa?"

"Yanzu dai ƙafata ke ciwo."

Na harare shi, amma dariya ta kusa ƙwace min. Daidai nan aka kira sallar la'asar. Masallacin yana can kudu, mu muna ƙarshen arewa, amma muryar ladan ta iso mana tar, har da tarin da yake yi kafin ya fara. Wira ya tsaya cak yana saurare.

"A gida masallaci yana bayan katangarmu," ya ce a hankali, "amma saboda ƙarar motoci sai na kasa kunne kafin in ji kiran."

"Tura, Kak Wira. Rana na yi."

"Kin ce Kak..."

"Na ce ka tura."

Rana ta yi ja lokacin da ya dawo da baburin tasha. Ya tura shi kan katako har cikin jirgi da kansa, ya sauko ya zube a gaban Amak. Amak ya kama hannayensa ya juya su yana duba saɓulewar. Ya ce a kawo man kwakwa. Sannan ya ce masa, in hannun ya warke akwai ƙafar keke da ke jiran wanda ya karya ta, kuma yau a gidanmu zai ci abinci.

Na juya baya don kada a ga fuskata, sai na yi karo da Ibu. Ta kama hannuna ta dubi baƙin man da ke farcena, na ɗauka za ta ce wani abu a kai. Cewa ta yi in nuna mata inda za ta wanke ƙafa.

Saura kwana uku biki, jirgin safe ya sake sauke wani akwatin katako. A jikinsa da baƙin fenti: AMAK RUMISAH, GILI SARANG.

Tasha ta yi tsit. Masu cidomo suka riƙe linzamin dawakinsu tamau. Wira, da yake ɗaura wa Jambu kaya, ya rantse da Allah bai san komai a kai ba. Ni na ɗauko ƙarfe na ɓalle murfin.

Silifas ne. Ƙafa sittin, manya da ƙanana, a ɗaure bibbiyu. A sama an naɗe wasu daban cikin kyakkyawan ƙyalle, na buɗe, sai ga tsofaffin silifas ɗin Amak, an wanke su fes, wayar tana nan inda take. Da 'yar takarda da rubutun Ibu: "Dangina sittin ne za su zo, ba wanda ya iya tafiya a cikinsu. A taimaka a koya musu."

Ranar rakiyar ango da amarya, a ƙasa muka zagaye tsibiri, da manyan ganguna a gaba, ta hanyar da baburin ya bi. 'Yan Mataram cikin leshi da zinariya da silifas, baƙi sun jingine kekunansu a gefen hanya suna tafi. Wira yana gefena yana raɗa min cewa tauraruwarsa ta fi kowa kyau, ni kuma ina ce masa ya kalli gabansa kada ya ci yashi a gaban surukai.

Amak ne a kan gaba, da sandarsa da tsofaffin silifas ɗinsa. Gwiwar ba ta gama warkewa ba, yana tafe a hankali yana hutawa. Makaɗa suka rage kiɗa ya yi daidai da takunsa. Mutum ɗari huɗu ne a bayansa, da masu sarauta da masu doki, kuma har muka dawo tasha ba wanda ya wuce shi.